Cizon Shanshani: Dafin Kwana Biyu, Jinyar Wata Biyu

Lacca ga manoma, wanzamai, ungozomomi, masu kemis da ma'aikatan lafiya, a garin Baure, masarautar Daura



Iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku. Malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayena mata da ungozomomi, sannunku da fitowa. Wanzamai da masu kemis, abokan aikina na asibiti, da 'yan'uwa manoma da kuka ajiye fartanya kuka zo, barkanku da zuwa. Ya muka ji da ruwa? Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai mu kaka lafiya.

Shanshani da wuya ya kashe mutum. Ina so wannan magana ta zauna a ran kowa tun yanzu, domin tsoro ne ke sa mu yi wa ciwo abin da bai kamata ba. Amma duk da haka, ƙafar da shanshani ya ciza takan kumbura ta yi ruwa, takan zama gyambo, takan kwantar da magidanci wata guda ko biyu daidai lokacin da gona ta fi bukatarsa. In ka bi diddigin irin wannan ƙafa, sau da yawa za ka tarar dafin ya daɗe da barin jiki. Abin da ya rage yana cin naman ƙwayoyin cuta ne, waɗanda suka shiga ta hujin da ƙwaron ya yi, ko ta wanda mu da kanmu muka ƙara da aska.

Duk wanda ya taɓa ɗaga randa da damina ya san ƙwaron nan. Jikinsa a baje yake, gaɓa-gaɓa, ja-ja ko ruwan ƙasa da ratsin duhu, ƙafafu na fitowa dama da hagu, ɗaya-ɗaya a kowace gaɓa. Da haske ya taɓa shi sai ya sheƙa yana karkaɗa jiki, kafin ka ɗago takalmi ya shige tsagar bango. Masana sun ƙidaya irinsa sama da 3,000 a duniya. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yaɗuwa a Afirka suna kiransa Scolopendra morsitans, yana da ƙafa 42, tsawonsa kuma yakan kai santimita 12 ko ya ɗan wuce. A Kudancin Amurka akwai wanda ke kaiwa santimita 30.

Mutane da yawa na ɗauka dogayen ƙafafun nan biyu na baya da su yake harbi. Babu dafi a cikinsu. Makamin yana gaba, a ƙarƙashin kai: ƙugiya biyu lanƙwasassu masu baƙin tsini, kowacce da 'yar jakar dafinta. Shi ya sa cizonsa ke barin huji biyu ƙanana kusa da juna, shi ya sa kuma yaron da ya kama shi ta baya bai tsira ba, lanƙwasowa zai yi ya same shi a yatsa.

Kada kuma a haɗa shi da ƙadandoniya. Ita jikinta zagaye ne, tafiyarta sannu-sannu, in an taɓa ta sai ta naɗe, kuma ba ta cizo. Ruwa take fitarwa mai wari wanda ke rina fata ta yi duhu. Uwa takan ga yatsan ɗanta ya yi baƙi bayan ya take ta a cikin takalmi, hankalinta ya tashi ta zaci ruɓewa yake yi. A wanke da sabulu, launin zai tafi da kansa. In dai ruwan ya shiga ido ne, to a yi ta kwarara ruwa mai tsabta, a kai yaron a duba shi.

Abin da ke kawo shanshani cikin gidajenmu shi ne fatarsa ba ta riƙe ruwa, rana na iya busar da shi. Don haka yake neman danshi da duhu: gindin randa, ƙarƙashin turmi, makewayi, tarin bulo, damin geron da aka jingine, kara da harawar da aka tara a bayan ɗaki. Da rana yana ɓoye, da dare ya fito farautar kyankyasai da gyare. Ba mu yake nema ba. Takawa muke yi, ko mu zura ƙafa a takalmin da ya kwana ciki, ko mu juya a kansa a tabarma.

Dafinsa fa na gaske ne, kuma wanda ya ce ya ji wuta a jikinsa bai yi ƙarya ba. A 2015 masu bincike a ƙasar Sin sun ware wani sinadari daga dafin shanshanin ƙasarsu, suka gano yana taɓa daidai wurin da barkono ke taɓawa a jijiyoyin jin zafi. A 2018 kuma, masana a birnin Kunming suka nuna yadda shanshani mai nauyin giram 3 ke kayar da ɓera mai giram 45 cikin daƙiƙa 30, da wani dafi mai matse jijiyoyin jini ya dagula zuciya da numfashi. Sai dai ku auna: magidanci mai kilo 60 ya ninka wannan ɓera fiye da sau dubu. Abin da ya kashe ɓera, shi raɗaɗi zai ba shi. Jariri da ƙaramin yaro kuwa lissafinsu daban ne. Mace-macen da aka fi ambata na yara ne: wata yarinya 'yar shekara 7 a Filifin, an ba da rahotonta a 1923, ya cije ta a ka ta rasu bayan awa 29, da wani yaro ɗan shekara 4 a Benezuwela a 2014. Saboda haka yaron da bai kai shiga makaranta ba, ko wanda aka ciza a ka, a wuya ko a fuska, kada a kwana da shi a gida ana kallo.

Ga babba mai lafiya, yadda abin ke tafiya sananne ne. Zafi mai tsanani na 'yan awoyi, wurin ya yi ja ya kumbura, ƙaiƙayi ya biyo baya. Wani zai ji kaluluwa ta taso a matsematsi ko a hammata, wani ciwon kai ko tashin zuciya. Kwana ɗaya zuwa biyu, abin ya lafa. Wani asibitin jami'a a Bankok, babban birnin Tailan, ya tattara bayanan mutum 245 da shanshani ya ciza cikin shekara goma: kusan dukkansu zafi ne ya kawo su, kusan tara cikin goma sun kumbura, kuma ƙafa ce aka fi cizo, sai hannu. Babu allurar karya dafin shanshani a ko'ina a duniya, domin jiki na iyawa da shi.

Yanzu ku ɗauki dare irin na watan Agusta. An yi ruwa da magariba, tsakar gida ta jiƙe, matar gida ta fito ba takalmi za ta ɗebi ruwa a randa. Sai a ji salati. Maigida ya fito da tocila, ya haska nan ya haska can, bai ga komai ba. Ya haska ƙafar, ga huji biyu a gefen idon sawu, jini na ɗan tsattsafowa. Wani daga cikin maƙwabtan da suka shigo ya ce, ai shanshani ne, da safe za ta warware. Kowa ya yarda, domin kowa na so hakan ta kasance.

Wannan kalma ita ce ta fi ba ni tsoro a duk maganar da zan yi yau. Kububuwa ma huji biyu take bari. Gajera ce, launinta launin ƙasa, da dare take yawo, kuma da damina ta fi sara. A arewacin ƙasar nan babu macijin da ya kai ta kisa. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, kuma mutum kan iya wuni yana magana da bakinsa, yana cin abinci, alhali jini na zuba a cikinsa. Alamominta su ne jinin wurin ya ƙi tsayawa, dasashi ya fara jini, tsohon ciwo ya buɗe, fitsari ko amai su fito da jini, kumburi kuma ya yi ta hawa daga sawu zuwa gwiwa zuwa cinya. Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama: a ɗebi jini kaɗan a zuba a kwalbar gilashi sabuwa, busasshiya, a ajiye minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata ta. In jinin ya daskare, alhamdu lillahi, a ci gaba da lura, a kuma sake gwajin bayan 'yan awoyi. In ya kwarara, kububuwa ce, sai allurar karya dafi. Gwajin nan daga ƙasarmu ya samo suna: Farfesa David Warrell ne ya bayyana shi a shekarun 1970, lokacin da yake aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma har gobe da shi ake aiki a asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe. A Kano ma Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ya shafe shekaru yana faɗa wa duniya irin ɓarnar da wannan maciji ke yi wa manomanmu.

Don haka ga ƙa'idata, kuma ba na sassautawa a kanta: in ba a ga shanshanin da ido ba, a ɗauka maciji ne har sai gwaji ya ce ba shi ba ne. Kafin nan kada a ba mutum asfirin, ko ibufurofen, ko dikulofenak, domin duk suna ƙara zubar jini. Farasitamol ya isa. Ku kuma yi tunanin abin da zai faru in aka sa wa irin wannan ƙafa aska, jinin da ba ya daskarewa aka buɗe masa hanya goma.

Ko da an ga shanshanin, an kashe shi, awar farko tana da nata haɗarin. Akwai mutanen da jininsu ba ya shiri da dafin ko kaɗan. Cikin waɗancan 245 na Bankok, mutum 12 haka ta same su. Cikin 'yan mintuna borin jini ya feso a duk jiki, leɓe da harshe su kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya yi wuya, jiri ya ɗebi mutum. Wannan ba ya jiran safiya, kuma ƙwayar ƙaiƙayi ta kemis ba ta tare shi. Allurar adirenalin a cinya ce maganinsa. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ya fi damunsa a zaunar da shi, a nemi mota. Akwai kuma abubuwan da ba kasafai ake gani ba amma an gani: a Turkiyya an ba da rahoton dattijo ɗan shekara 60 a 2004, da saurayi ɗan shekara 20 a 2006, waɗanda zuciyarsu ta taɓu bayan cizon, a Amurka a 1985 an rubuta labarin cizon da dafinsa ya narkar da tsoka har ƙoda ta tsaya. Ciwon ƙirji bayan cizo, ko fitsarin da ya yi duhu ko ya ragu ƙwarai, asibiti suke nufi.

To, mu zo kan abin da ya fi kwantar da mutanenmu.

Fatar mutum dangar garka ce: awaki na zagaye da ita dare da rana, ba sa shiga sai sun sami ɓaraka. A kan fatar kowannenmu, har wanda ya fito daga wanka yanzu, akwai ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. Biyu ne suka fi yi mana ɓarna, likitoci na kiransu sitafilokokas da sitireftokokas. Su ne ke kawo maruru da ƙuraje masu mugunya. A ƙafar manomi kuma an ƙara da ƙasa, da taki, da faso. Hujin shanshani ƙarami ne, in an wanke shi an bar shi, jiki kan toshe shi cikin kwana kaɗan. Amma duba abin da muke yi.

Farko a ɗaure ƙafar tamau da tsumma ko robar taya, wai kada dafi ya hau. Dafin ya riga ya shiga nama tun kafin a nemo tsumman. Abin da ɗaurin ke tarewa jini ne, jinin da ke kai wa naman abinci da iska, yake kuma kai dakarun da ke yaƙar cuta. Ƙafar da ta kwana a ɗaure takan wayi gari da sanyi, ta yi duhu, kuma naman da ya mutu shi ne abincin ƙwayoyin cuta. Daga nan sai a kira wanzami ya tsaga ya kafa ƙaho. Wanzamai, iyayena, ku yi mini haƙuri, da girmamawa nake wannan magana, na san mutane ku suke fara nema tun kafin su tuna da mu, kuma da niyyar taimako kuke zuwa. Amma baƙin jinin da ke taruwa a ƙaho jini ne kawai da ya daskare, dafin ba ya biyo shi. Huji biyu da ba su kai tsinin allura girma ba sun zama tsaga shida ko takwas. Wani kuma ya sa baki ya tsotsa, ya zuba wa ciwon ƙwayoyin cutar bakinsa, waɗanda suna cikin mafiya muni ga rauni.

Sannan a zo shafe-shafe. Toka, ƙasa, kashin shanu, ganyen da aka tauna, kananzir, baƙin mai, man birki, garin batir. Kananzir da man birki da garin batir ƙona naman suke yi, zafin da ake ji ana cewa magani na aiki, zafin ƙuna ne. Ƙasa da kashin shanu kuwa zan dawo kansu, domin su ne mafi haɗari. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Addu'a kuwa babu mai hana ta, mu ma da ita muke fara aiki. A yi ta, a tofa a ruwa a ba shi ya sha, amma a bar bakin ciwon da tsabtarsa.

Abin da ya kamata a yi bai kai wannan wahala ba. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta, a daɗe ana wankewa. In hannu ne a cire zobe da awarwaro kafin kumburi ya riƙe su. A ɗaga ƙafar a kan matashi. Don rage raɗaɗi, ko dai a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora, ko a tsoma wurin a ruwan ɗumi na kimanin minti 15. A 2009 likitoci a Taiwan sun gwada hanyoyin nan a kan mutum 60, wasu ƙanƙara, wasu ruwan ɗumi, wasu allurar kashe zafi, suka tarar duka ukun na rage ciwon. Ruwan ɗumin dai mai jinya ne zai fara sa nasa hannun ya ji zai iya jurewa, domin wanda ke cikin raɗaɗi ba ya gane ruwan da zai sale masa fata. A sha farasitamol, a rufe da tsumma wankakke, a yanke wa yaro farce don kada ya sosa. In zafin ya gagara, a asibiti akwai allurar da ake yi a gefen ciwon ta kashe shi nan take.

Akwai wani abu guda da nake roƙon kowane gida ya koya, kuma biro kawai yake bukata. Bayan an wanke, a bi gefen jan nan da biro a zagaye shi, a rubuta lokaci a kan fatar: ƙarfe tara na dare. Da safe a duba. In jan ya ɗan tsallake layi a daren farko, aikin dafi ne, a sake zagayewa a sake rubuta lokaci. Daga kwana na biyu ya kamata jan ya fara komawa ciki, zafin na raguwa. Dafi sauka yake yi kullum. Cuta kuwa hawa take yi. In ciwon ya yi sauƙi sannan a kwana na biyu ko na uku ya dawo da zogi, jan ya tsallake layin da faɗin yatsa biyu, fatar ta yi ƙyalli ta ɗau zafi, ko mugunya ta fito, ko ka ga jan layi ya miƙe daga ciwon ya nufi matsematsi, kaluluwa na ƙara girma maimakon ta sace, to shanshani ya gama nasa, wannan wani abu ne daban ya shigo. Biron nan yana raba gardama tsakanin mai cewa ya ragu da mai cewa ya ƙaru, kuma in an zo wurinmu muna gani da idonmu saurin da ciwon ke yi.

A nan ake yin wani kuskure mai tsada. Zazzaɓi ya rufe mutum, da yake damina ce sai a ce na sauro ne, a saya masa maganin maleriya, a ƙara kwana uku. Duk wanda ke da ciwo a ƙafa ya yi zazzaɓi, a buɗe ƙafar a duba kafin a ce sauro.

'Yan'uwana masu kemis, ga naku. Cizon shanshani da bai kamu da cuta ba ba ya bukatar kafso. Wanda ya kamu kuma, kafso biyu ko huɗu da mutum ya ce kuɗinsa ya isa ba sa warkar da shi, koya wa ƙwayoyin cutar jure magani kawai suke yi. Fasa kafso a barbaɗa a ciwo ma haka. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara. Wanda ciwonsa ya kamu, ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa masa maganin da ya dace, ya sha har ƙarshe ko da ya ji sauƙi. In mugunya ta taru, babu ƙwayar da za ta shanye ta, sai an fasa an fitar, da kayan aikin da aka dafa, ba da sakiya a zaure ba.

Mafi munin abin da ke iya biyowa shi ne cutar ta nutse ƙarƙashin fata ta bi shimfiɗar da ke lulluɓe da tsoka tana ruɓar da ita. A 2005 likitoci a Turkiyya sun ba da rahoton wani mutum ɗan shekara 46 da irin shanshanin nan da na ambata da farko ya ciza. Naman gangar jikinsa ya ruɓe, ya rasu. Alamarta ta farko mai ruɗi ce: mutum na ihu da ciwon da ya fi ƙarfin abin da ido ke gani a fatar. Sannan jan ya riƙa gudu cikin awoyi, fatar ta yi shuɗi-shuɗi, ƙuraje masu baƙin ruwa su taso, wari ya fito, mutum ya fara sambatu. Wannan aikin tiyata ne, kuma a ranar. Daga Hui kake, ko Yanduna, ko Babban Mutum, a ɗauko shi zuwa Babban Asibitin Baure, in an ce a wuce Daura ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a wuce, kada a koma gida shawara. Na san kuɗin mota da na magani ba sa zuwa da sauƙi a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Amma akuyar da aka ƙi sayarwa ranar Talata, ranar Juma'a sa ake sayarwa, kuma wani lokaci ƙafar ba ta dawowa.

Akwai waɗanda ba sa ma jiran biro. Mai ciwon suga, domin ƙafarsa ba ta jin ciwo sosai, jininta kuma ba ya gudu yadda ya kamata, ƙaramin huji kan kai shi ga yanke yatsa. Mai sikila, wanda ciwon idon sawu kan zame masa gyambon shekaru. Tsoho, da yaro mai tamowa, da wanda cuta ta karya wa garkuwar jiki, da wanda kuturta ta kashe wa jin ƙafa. Waɗannan a ranar za a kai su. Mai ciwon suga kuma kada ya tsoma ƙafa a ruwan zafi ko kaɗan.

Na ce zan dawo kan ƙasa da kashin shanu. A cikinsu ƙwayar cutar sarƙe-haƙora take, wadda muke kira tetanos, kuma takan yi shekaru a ƙasa ba ta mutu ba. Takin da muke lodawa a amalanke muna kaiwa gona cike yake da ita. Ba ta son iska, don haka rauni matsattse mai datti, ko wanda aka cusa wa ƙasa aka ɗaure, shi ne gidanta. Takan ɗauki kwana 3 zuwa 21 kafin ta bayyana, lokacin da an manta da shanshani, wataƙila ma ciwon ya warke. Sai mutum ya ji muƙamuƙinsa ya ƙi buɗuwa, lomar tuwo ta gagare shi, wuya ya sandare, baya ya banƙare. Ƙarar buɗe ƙofa ko hasken tocila sai su tayar masa da jijjiga, kuma duk yana cikin hankalinsa, yana jin komai. Sai a ce iska ce ta taɓa shi, a yi ta hayaƙi, alhali wannan cuta ce da allura ke hanawa tun kafin ta zo.

Ku lura da wanda aka bari a baya. Jarirai na samun kariya a allurar nan mai haɗe da rigakafi biyar, ta mako 6 da 10 da 14, wadda aka fara yi a Najeriya a 2012. Mata na samu in sun je awo. Magidanci fa, wanda shi ne ke tsaye cikin taki ba takalmi daga shuka har girbi? Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Baure mutum kusan dubu 200, akasarinsu da noma suke ci. Ina tambayar mazan da ke zaune a nan, kowa ya amsa wa kansa: yaushe rabonka da allurar tetanos? Ƙarfinta na raguwa, ana so a sabunta bayan shekara 10, in kuwa rauni mai datti ne, bayan shekara 5. Wanda bai taɓa yi ba kuma, allura ɗaya ranar da ya ji ciwo ba ta gama aiki ba: akwai ta biyu bayan mako 4, ta uku bayan wata 6, kuma in raunin ya ƙazantu akwai wata daban da ake haɗawa mai ba da kariya nan take. Ka gaya wa ma'aikacin lafiya gaskiya cewa ba ka taɓa yi ba, kada kunya ta sa ka ce ka yi.

Kare kai daga cizon ba shi da tsawo. A kakkaɓe takalmi da riga kafin a sa. Kada a fita tsakar gida da dare ba tocila ba takalmi. A cusa bakin gidan sauro ƙarƙashin katifa ko tabarma, yana tare fiye da sauro. A nisanta kara da itace da ɗakin kwana, a toshe tsagar bango, a riƙa gusar da randa ana sharewa. In kaka ta zo, a fara juya dami da sanda kafin a sa hannu. Kaji ma na cinye su, kada a hana su kiwo a gindin danga.

Abokan aikina, ina roƙonku in irin wannan ya zo, a rubuta a rajista dalla-dalla: me ya ciji mutumin, an gani ko ba a gani ba, a wane wuri a jiki, me aka shafa kafin a zo, kwana nawa aka yi a gida. In an kashe ƙwaron, 'yan'uwa su ɗauki hotonsa a waya su zo da shi. A tabbatar akwai adirenalin da kwalbar gwajin jini a inda hannu zai kai da tsakar dare. Iyayen ƙasa da limamai, a taimaka a faɗi maganar nan a masallatai da ranakun kasuwa, ta kai har ga danginmu na wajen Magarya da Babura, tunda ƙasa ɗaya muke nomawa, randa iri ɗaya muke ajiyewa.

Wanzamai kuwa, roƙona gare ku ya fi na kowa girma, domin ku ake tasowa da dare. In aka kira ka kan cizo, ka tafi da sabulu da biro, ka bar aska a zabira. Ka tambaya ko an ga abin da ya yi cizon. Ka kwance ɗaurin in shanshani ne aka gani, ka wanke, ka zagaye, ka rubuta lokaci. In ba a gani ba, ko jini ya ƙi tsayawa, ko numfashi ya canja, ko ƙaramin yaro ne, kai za ka ce a tafi asibiti, domin in kai ka faɗa za a tafi. A nan zan dakata, kuma ina roƙon shugaban taro ya fara ba ku dama, tunda sana'arku na fi taɓawa, ina so in ji inda kuke ganin abin zai yi muku wuya.